Amsa ga mai neman katakon alƙalami daga Kamaru

Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyali da abokan sana'arka na Gombe, saƙonka ya iso gare ni. Na fahimci cewa kana sassaƙa alƙaluma na katako a injin da ke juya itace, ka ji labarin baƙin itacen Kamaru da jansa, kana kuma son sanin dalilin da ya sa mutumin da ka fara tuntuɓa a cikinmu Hausawan Kamaru ya ƙi karɓar kuɗinka ta waya, har ka ɗauka wulaƙanci ne. Ba wulaƙanci ba ne ko kaɗan, kuma idan ka gane dalilinsa, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Kakanninmu sun shigo kudancin Kamaru tun zamanin mulkin Jamus, suna fataucin goro da tufafi da hauren giwa, suka kafa unguwanni irin su Briqueterie a Yawunde da ɓangaren Hausawa na New Bell a Duwala. Daji bai taɓa zama namu ba. Yana da masu shi, wato Beti da Bulu da Maka da Baka da sauransu, kuma har yau da wuya ka ga Bahaushe ya ɗauki injin sara ya shiga kurmi. Abin da muka gada shi ne tsayawa tsakanin mai kaya da mai saye. Baƙo yakan sauka ne wurin mai gida, shi kuma mai gida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillalin da ya yarda da shi, ya shaida cinikin, a fitar da la'ada a gaban kowa. Idan kaya suka zo da aibi, sunan mai gida ne ya ɓaci, kuma maganar takan je gaban limami ko sarkin Hausawa kafin wani ya tuna da 'yan sanda. Mu baƙi ne da muka zama 'yan ƙasa, jarinmu mafi girma shi ne a ce Bahaushe ba ya cin amana, don haka mutumin kirki a cikinmu ba ya karɓar kuɗin wanda bai sani ba a kan kayan da mai kuɗin bai gani ba, domin ba a cinikin biri a sama. Abin da yake jira daga gare ka shi ne ka nemo wanda ya san ku duka biyu, kuma irin wannan mutumin ba ya wuyar samu a cikin 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Gombe da Yola da Garwa.

Game da itacen kuwa, sana'arka tana da wata sa'a da masu kujeru da ƙofofi ba su da ita. Alƙalami ɗaya ba ya cin fiye da guntun da kaurinsa ya kai santimita 2 a kowane gefe, tsawonsa kuma santimita 13 zuwa 15. Saboda haka ba gungume kake buƙata ba, ba ma falanki ba, sai ragowar da ke zuba a wuraren yankan katako da shagunan kafintoci da rumfunan masu sassaƙa gumakan da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Ina ganin wannan ita ce hanya mafi tsabta, domin ba a sare ko reshe ɗaya dominka ba, kuma sau da yawa guntun da babban kafinta ya yar saboda murɗewar jijiyarsa, shi ne ke fitar da alƙalamin da ya fi kowanne ado.

Baƙin itacen da ake kira eboni ɗan'uwan kanyar da ka sani ne, sai dai shi a kurmin kudu da gabas yake tsiro, yana kuma ɗaukar shekaru masu yawan gaske kafin zuciyarsa ta yi baƙi. Ka ce kana son baƙi ƙirin wanda ba shi da ɗigo, kuma a nan ne zan saɓa maka. A shekarar 2011 kamfanin Taylor na Amurka mai ƙera gita, tare da kamfanin Madinter na Sifaniya, suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam da ke nan Yawunde. Masu saran suka shaida wa Bob Taylor, shugaban kamfanin Taylor a lokacin, cewa sukan kayar da bishiya kusan goma kafin su sami ɗaya mai baƙi tsantsa, sauran kuma a bar su su ruɓe a daji, domin ba a sanin launin ciki sai an sare, kuma masu saye ba sa biyan kuɗin kirki a kan mai zane. Daga nan ya sanar da cewa zai riƙa sayen mai zanen da farashin baƙin, daga baya kuma, a 2016, aka soma shirin dasa eboni a ƙauyukan da ke kewayen gandun dajin Dja. Duk lokacin da mai saye ya nace sai baƙi ƙirin, yana ƙara wa waccan ɓarna ƙarfi ne, alhali eboni mai jirwayen toka da ruwan zuma ya fi ɗaukar ido a jikin alƙalami, kuma ba a samun biyu masu kama ɗaya. Nacewar tana kuma buɗe ƙofar algus, domin akwai masu rina farin itace su goge shi da man takalmi, wanda kankarewa kaɗan da wuƙa take tona asirinsa.

Jan itacen da ka gani a hoto shi ne paduk, ɗan'uwan madobiya. Yana da daɗin sassaƙa, amma ka gaya wa masu sayen alƙalumanka gaskiya cewa jan nan mai haske yakan koma ruwan ƙasa mai duhu idan ya sha rana da shekaru. Akwai bubinga mai ruwan hoda da jijiya mai kaɗawa, da zingana mai zanen jakin dawa, da wenge mai duhu wanda sartsensa ke saurin kumbura hannu, ƙurarsa kuma ke cutar da ƙirji, don haka sai da abin rufe hanci.

Maganar doka ba ta wasa ba ce, kuma ku a can kun ga abin da aka yi wa madobiya a Taraba lokacin da kasuwar Sin ta buɗe mata baki. Yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sanya bubinga da madobiya a jerin itatuwan da ba a tsallaka iyaka da su sai da izini tun farkon 2017, sannan taron da aka yi a Panama a 2022 ya ƙara da paduk na Afirka da kawo da maɗaci. Yankakken katako na waɗannan, ko da ƙarami ne, yana buƙatar takardar izini daga ma'aikatar gandun daji da namun daji ta Kamaru. Ebonin Kamaru ba ya cikin wannan jeri, na Madagaska ne ke ciki, amma gwamnati a nan ta ware shi cikin kayan daji na musamman da ba a sararsu sai da lasisi. Dattawanmu ba sa yarda a cusa katako a ƙarƙashin buhunan wani, saboda idan aka kama mota ɗaya, ba a cewa wane ne ya yi, sai a ce Hausawa ne. Shawarata ita ce ka fara da eboni mai zane da zingana da wenge daga hannun wanda zai ba da rasit, ka kuma tambayi jami'an kwastan na ɓangarenku abin da suke buƙata kafin kaya su taso.

Abin da ya fi cinye kuɗin mutanen arewa a wannan harka shi ne bushewa. Duwala tana samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, kuma katakon da kafintan can zai rantse maka ya bushe, da gaskiyarsa, yana ɗauke da laimar da iskar hunturun Gombe za ta zuƙe cikin gaggawa. Bakin guntun yakan riga tsakiyarsa bushewa, sai ya tsage, eboni kuma ya fi kowanne saurin yin haka. Idan ka riga ka huda shi ka manna bututun tagulla a ciki, itacen zai tsuke, ƙarfen ba zai tsuke ba, alƙalamin ya fashe a aljihun wanda ya saya. Saboda haka mukan tsoma bakuna biyu na kowane guntu a narkakken kaki kafin a ɗaure. Idan sun iso ka, kada ka shanya su a rana. Ka jera su a ɗaki mai inuwa da tazara a tsakaninsu, ka riƙa auna 'yan kaɗan a sikeli lokaci zuwa lokaci, sai nauyinsu ya daina raguwa kafin ka taɓa su, kuma mafi alheri su ga hunturu guda a ɗakinka. Wajen hudawa ma ka bi a hankali, kana ɗagawa kana barin ƙarfen hudawar ya huce, domin zafi kaɗai yana tsaga eboni.

Kayan sukan bi jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare, mota ta kai su Garwa, su tsallaka zuwa Yola, sannan su biyo ta Numan da Kaltungo su iso ka. A karon farko ba za mu aiko maka da fiye da ɗan kwali ɗaya na gwaji ba, kowane guntu da sunan itacensa a rubuce a jiki, kuma za ka biya ne a hannun mutumin da ya tsaya mana bayan ka buɗe ka gani. Kafin su bushe, ka gwada hannunka a kan ƙirya da busasshiyar zuciyar kanya da za ka iya samu a wurin masu sassaƙa turmi na kusa da kai, domin taurinsu zai koya maka yadda za ka bi da eboni ba tare da ka yi asarar wanda ya sha doguwar hanya ba. Ka turo mini sunan wanda kake so ya tsaya tsakaninmu, ni kuma zan kai maganar gaban mai gidanmu bayan sallar Juma'a, in Allah ya yarda.