Zauren Fatsa: Wa Ya Taɓa Shafa wa Birki Giris?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni bakaniken babur ne a Tudun Wada, nan Kaduna. Yayana da ke aiki a Legas ya aiko mini da ril na hannu, wato ɗan injin naɗe zaren fatsa, ƙirar Penn, irin na kamun kifin teku, domin in na je wurinsa hutun ƙarshen shekara mu tafi fatsa Tarkwa Bay. Da na ja zaren sai na ji yana fizga, ya riƙe ya saki, ya riƙe ya saki. Na kira shi ya ce in buɗe in shafa wa washoshin birkin giris. Baba, a sana'armu idan mai ya taɓa birki ai an shiga uku. Zolaya ce ko da gaske yake? In da gaske ne, giris ɗin da ke shagona zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Da gaske yayanka yake. Amma giris ɗin shagonka ka bar shi a shago.

Sunan ne ya ruɗe ka. Muna ce masa birki don ba mu da wani suna, amma ba aikin tsayarwa yake yi ba. Aikinsa ya riƙa sakin zare a hankali, da nauyi iri ɗaya, duk lokacin da kifi ya ja da ƙarfin da zai iya tsinka zaren. Tunda bakanike ne kai, manta da birki, tuna kulocin babur. Faranti na faiba, faranti na ƙarfe, na faiba, na ƙarfe, an jera su an matse da sifirin, kuma duk a cikin mai suke iyo. Ka taɓa jin wani ya ce a shanya kuloci don ya fi kamawa? To abin da ke cikin kwarkwaron ril ɗinka ke nan, sai dai ƙanana ne kamar kwabo.

Fizgar da kake ji tana da dalili. Abu biyu busassu da aka matse, ƙarfin da ake buƙata kafin su fara zamewa ya fi wanda ake buƙata bayan sun fara. Kamar tura motar da ta mutu ne, tashin farko shi ne wahala. A wannan tashin farkon zare yake tsinkewa, ko ƙugiya ta yage bakin kifi. Giris yana rage tazarar da ke tsakanin ƙarfin tashi da ƙarfin tafiya. Sannan ga gishiri. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ruwan ya shiga tsakanin washoshi, ya bushe, gishirin ya zauna. Idan washar ta zaren kabon ce, tana manne da kwarkwaron alminiyam, ga ruwan gishiri a tsakaninsu, alminiyam ɗin ne zai ci wuya: za ka ga wani farin gari kamar kanwa, in ka goge ka tarar da ƙananan ramuka a ƙasa. Giris yana cike saƙar washar, ruwa ya rasa wurin zama.

Akwai masu gardama, kuma ba su rasa hujja ba: busasshiyar washar kabon ta fi kamawa kaɗan in an ɗaure ta har ƙarshe. Gaskiya ne. Amma ni a bakin teku ban taɓa rasa kifi don birki ya gaza ƙarfi ba. Fizga ce ta sha raba ni da su.

Yanzu maganar giris ɗinka. Lokacin da nake aiki a Apapa, na yi abin da kake shirin yi. Na debi giris ɗin boris na mota, na cika washoshi da shi har yana tsatsowa, ina ganin na yi gwaninta. Ranar Asabar da asuba muna kan duwatsun nan da aka jera a bakin mashigar tashar jirage, barakuda, wani kifin teku mai kaifin haƙora, ta ɗauka. Da farko kwarkwaron ya ƙi motsi, giris ya daskare ya manne washoshin. Da ya saki kuma ya ɗauki zafi, sai ya narke ya zama ruwa, na ɗaura na ɗaura babu kamu. Ina cikin murɗa noti ta juya ta goga zaren a dutse. Har yau in na tuna sai na ji haushin kaina, don kuwa wani dattijo Ba'ilaje, daga ƙabilar masuntan bakin teku, da ke gefena tun isowarmu ya shinshina ril ɗin ya girgiza kai, ni ko ban tambaye shi dalili ba.

Giris ɗin birkin ril daban ne, ana haɗa shi da Teflon, sinadarin nan mai santsi da ke hana abinci kama kaskon suya, an yi shi don ya jure zafi ba tare da santsinsa ya canja sosai ba. Wanda na saba da shi shi ne Cal's, mai ruwan ƙasa. Suna da mai ruwan shuɗi-ja na ƙasashen sanyi, wanda ba ruwanmu da shi. Shimano, masu ƙera ril, ma suna da nasu. Ni daga Legas nake sa a kawo mini, kuma ƙaramin gwangwani mai giram 28 sai ya shekara biyu uku bai ƙare ba. Ka gaya wa yayanka ya haɗo maka, tunda shi ya fara maganar.

Ga yadda nake yi a kan teburina a Kabala. Ina shimfiɗa farin tsumma, in kwance notin saman kwarkwaro, in ɓalle ɗan zoben waya da ke riƙe da washoshin. Ka sa yatsa a kansa kana ɓallewa, in ba haka ba zai yi tsalle, kai da ganinsa sai ranar shara. Duk washar da na ciro ina ajiye ta daga hagu zuwa dama, fuskar da ke sama tana sama. Ka ɗauki hoto da waya ma. Na ƙarfen ba iri ɗaya ba ne: wasu suna da kunnuwa a gefe da ke kama jikin kwarkwaro, wasu ramin tsakiyarsu ba da'ira ba ne, yana kama sandar ril. Ka sauya musu wuri, rabin birkin ya daina aiki, kai kuma ka yi ta zargin giris.

Na ƙarfen a goge su da sifirit har su yi ƙyalli. Wadda ta lanƙwashe ko tsatsa ta ci ta, a canja. Sai ka duba masu laushin. Idan baƙaƙe ne masu saƙa kamar tabarma, kabon ne. Penn suna kiran nasu HT-100. A wanke su da sifirit da tsohon buroshin haƙori, a bar su su bushe sarai. Idan kuwa ulu ne da aka danne, kuma ya baje ya yi baƙi, kada ka wahalar da kanka, nemi na kabon daidai girmansu ka sa.

Shafawar ita ce inda hannu yake yawan zarcewa. Ɗan kaɗan a kan yatsa, kamar ƙwayar gero biyu. Ka murza washar tsakanin babban yatsa da manuni, gaba da baya, har da bakin gefe da cikin ramin, domin ta nan ruwa yake shiga. Sannan ka goge da tsumma mai tsabta har saƙar ta fito fili, tana ɗan sheƙi kawai. In kana ganin giris kwance a kai, ya yi yawa.

Bayan ka mayar, gwada. Ƙa'idar da masunta suka saba da ita ita ce a ɗaure birki a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Zare mai fam 30 kusan kilo 14 ke nan, birkinsa kilo 4 ya isa. Cika galan mai lita 4 da ruwa, ɗaura zaren a hannunsa, ɗaga shi kai tsaye daga ril ba ta kan sandar fatsa ba, kada ka karya ta. Ka riƙa sassauta birkin har galan ya fara sauka. Ya sauko a hankali kamar guga a hannun mai haƙuri, aiki ya yi. Yana sauka yana tsayawa, sake buɗewa.

Abu ɗaya ka riƙe in kifi ya yi gudu mai nisa: zare yana raguwa a kwarkwaro, birki yana ƙara nauyi da kansa. Faɗin naɗin ya koma rabi, nauyin ya ninka. Lokacin nan hannu yake ƙaiƙayin ƙara ɗauri. Kada ka biye masa.

Tambaya: Baba, maigidana in ya dawo daga Fatakwal sai ya tsoma ril ɗinsa a bokiti ya kwana, wai gishiri ya fita. Na ce masa anya? Ya ce ba fannina ba ne. Daga wata 'yarka a Unguwar Rimi.

Amsa: 'Yata, anyarki tana kan hanya. Tsomawa tana kai ruwa da gishirin da ya narke can ciki inda da ba su isa ba. Ya ɗaure birkin tamau, ya yayyafa ruwa a hankali daga buta, ya goge, ya bar shi a inuwa. In ya bushe sai ya sassauta birkin gaba ɗaya kafin ya ajiye, don washoshi kada su kwana a matse wata da watanni. Ki ajiye masa mujallar a buɗe kusa da abincinsa, ba sai kin ce komai ba.

Tambaya: Ni Baba ban taɓa ganin teku ba. Tarwaɗa da ƙarfasa nake kamawa a Kogin Kaduna, wani lokaci mu je Kangimi. Wannan magana ta shafe ni? Kuma basilin ko man fesawa na WD-40 za su yi? Daga ɗanka a Kawo.

Amsa: Ta shafe ka, ɗana, sai dai namu gishirin ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana cusa ta ko'ina, in ta haɗu da giris mai yawa ta zama kamar sanfefa tana cin ƙarfe. Don haka kai ma shafa kaɗan, ka ajiye ril a cikin tsohuwar safa. Basilin yana narkewa da ɗan zafi, WD-40 kuma wanke giris ɗin yake yi, kada ɗayansu ya kusanci washa. Sau ɗaya a shekara ya ishe ka, in damina ta ɗauke kogi ya fara ja baya. Ranar da giwan ruwa ya ɗauki ƙugiyarka, ka aiko mana da hoto da nauyinsa na sikeli, ba na baki ba.