Me Ya Sa Ake Kiran Mittenwald Kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga sunan wani gari a kudancin Jamus an rubuta shi "Markt Mittenwald", aka ce mini kalmar farko tana nufin kasuwa. Shin kasuwa ce ko gari ne, kuma wa ke mulkinsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gari ne sosai, mai mutane fiye da 7,000, a jihar Bavariya, daf da iyakar Ostiriya. Yana cikin kwarin kogin Isar, fiye da mita 900 sama da bakin teku, tsaunukan Karwendel sun tokare shi ta gabas, na Wetterstein kuma ta yamma. Wannan matsattsen kwari shi ne arzikin garin tun asali, domin duk mai ɗauke da kaya daga Italiya zuwa Augsburg ta wannan hanya, tun zamanin Rumawa, sai ya ratsa ta nan.

Daga 1294 garin yana ƙarƙashin Bishop na Freising, a cikin yankin Werdenfels, har zuwa farkon ƙarni na 19 lokacin da Bavariya ta karɓe ƙasashen coci. Babban rabon garin ya zo ne a 1487, sa'ad da mai mulkin Tirol, yankin da ke maƙwabtaka da garin ta kudu, Sigismund, ya sa aka kama fataken birnin Venis na Italiya a kasuwar Bozen, wani gari a Tirol, aka ƙwace hajarsu. Fataken suka yi fushi, suka ɗauke cinikinsu kacokan suka mayar Mittenwald, kasuwar kuma ta ci gaba da ci a nan har 1679. Kusan shekara 200 ke nan mutanen garin suna cin moriyar rigimar da babu hannunsu a ciki. Masu keken doki suna karɓar kaya zango zango, wasu kuma suna ɗaure gungumen itace su ɗora dilolin yadi da kayan yaji a kai, su bi Isar har Munich.

Da kasuwar ta koma Bozen, sai talauci ya kunno kai. Abin da ya rufa wa garin asiri shi ne sana'ar sassaƙa gogen Turawa, wadda Matthias Klotz ya kafa a ƙarshen ƙarni na 17, ga kuma itace mai kyau a dazukan tsaunin. An buɗe makarantar koyar da sana'ar a 1858, tana nan har yau. Jirgin ƙasa zuwa birnin Innsbruck na Ostiriya ya fara aiki a 1912, yanzu kuwa masu yawon buɗe ido da barikin sojojin tsauni ne ke riƙe da tattalin arzikin garin.

Batun mulki kuma, a dokar Bavariya "Markt" laƙabi ne da ke tsakanin ƙauye da birni, amma a ganina girma ne kawai, tunda ba ya ƙara wa gari wani iko na musamman. Jama'a ne ke zaɓen magajin gari kai tsaye, da kuma kansiloli, duk bayan shekara shida. Su ke kula da ruwan sha, titunan cikin gari, ginin makarantun firamare da 'yan kwana-kwana. Abin da ya fi ƙarfinsu, kamar manyan asibitoci da rajistar motoci, yana hannun gundumar Garmisch-Partenkirchen, wadda hedikwatarta ma, duk da girmanta, wannan laƙabi na kasuwa take ɗauke da shi.