Ba a kiran sunan ciyawa daga nesa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka hango ciyayi masu farin kai kamar auduga a bakin ruwa, kana kuma tambaya me ya sa manya ba sa faɗin sunan ciyawa sai sun je sun kama ta da hannu. To, farin gashin nan shi ke ruɗin mutum. Aikinsa ɗaya ne, ya ɗauki iri iska ta tafi da shi, kuma ciyayin da ba su haɗa dangi ba duk suna yin sa. Shi ya sa ake duba kara da ganye da inda gindin ya tsaya.

In gindin yana cikin ruwa tsamo-tsamo, ta fi ka tsawo, ganyen faffaɗa ne, in ka matsa shi ka ji laushi kamar soso, kachala ce. Kanta ba fari yake fara fitowa ba. Ruwan ƙasa ne, dunƙulalle kamar zangarniyar gero, sai ya nuna ya fashe. Ka murza busasshe ɗaya a tafin hannunka ka gani, zai yi ta kumburowa har ka rasa inda duk wannan ya ɓuya. Kai guda yakan ɗauki iri fiye da 100,000, ga saiwa tana bi ta ƙarƙashin laka. Ka ga dalilin da in ta kama hanyar ruwa sai ta toshe ta.

Tofa gajeriya ce, da wuya ta wuce ƙugu, kuma ta fi son ƙasa mai danshi da ruwa ba ya kwanciya. Kanta siriri ne mai sheƙi, yakan fito sosai bayan gobara. Ita kam a hankali ake shafa ta, gefen ganyen yana yanka, tsinin saiwar kuma ya sha huda mini ƙafa ina yaro.

Kyauro dogo ne, ɗan'uwan rake, kansa a baje iska na kaɗa shi, ya fi yawa a yashin bakin kogi. Karya karan, za ka tarar da cikinsa a cike.

Wadda kake gani a hotunan ƙasashen sanyi, gajeriya mai tuntun auduga, daban take, dangin jiji ce. Inda ta yi yawa ƙasar a jiƙe take, ƙafa na iya nutsewa.

In ka koma, tsinko mini ganye da guntun kara, kada ka kawo gashin kaɗai.