Jirgin ruwa ya kife da mijina: wa zan kai kotu, kuma me ya sa shari'a ke jan ƙafa?

Tambaya: Barista, ni matar aure ce daga ƙasar Yawuri, mijina na cikin waɗanda ruwa ya ci lokacin da jirginsu ya kife a hanyar kasuwa. Jami'ai sun zo gidan hakimi sun rubuta sunayenmu, aka ba mu buhun shinkafa da tabarma, daga nan shiru. Ana cewa an ware kuɗi, mu dai ba mu gani ba. Muna da hakki a kotu?

Amsa: Malama, Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Kina da hakki. Amma ki fara bambanta tallafi da diyya, domin a nan ake rufe wa mutanenmu baki. Shinkafa da tabarma agaji ne, karɓarsu ba ta kashe hakkinki. Diyya kuwa tana kan wanda sakacinsa ya jawo mutuwar: mai jirgin da ya yi lodi fiye da ƙima, ko ya tashi da ruɓaɓɓen katako ba rigar kariya, da kuma hukumar da doka ta ɗora wa sa ido, idan an tabbatar ta yi sake. Sufurin koguna kamar Neja yana ƙarƙashin hukumar NIWA ta tarayya. Duk wanda ya tuna hatsarin Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, inda aka rasa mutum fiye da 100, ya san lodi ne kullum ake fara ambata.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara kan jami'i ko hukuma. Ki duba: macen da ke takaba wata 4 da kwana 10 take yi, kafin ta fita wa'adin ya wuce. A ganina wannan zalunci ne da aka rubuta a takarda. Akwai 'yan ƙofofi da kotuna suka bari, kamar idan jami'in ya yi aikin da mugun nufi, shi ya sa ko wa'adin ya shige kar ki yanke ƙauna sai lauya ya duba. Ƙarar mai jirgi tana da wa'adi mafi tsawo, kuma kotun shari'ar Musulunci tana sauraron batun diyyar kisan kuskure.

Sai hujja. Mu kan binne mamaci a ranar, wani lokaci a bakin kogi, ba takardar likita ba rahoton 'yan sanda. Alƙali kuwa abin da ke gabansa yake gani. Ki nemi takardar shaidar mutuwa, ki sa mai gari da limamin da ya yi sallar jana'iza su rubuta shaida, a samo waɗanda suka tsira su faɗi mutum nawa aka ɗora, tun ba su watse ba.

Jan ƙafar kotu gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Na sha tsayawa tun 9 na safe da shaidun da suka ci bashin kuɗin mota, sai magatakarda ya leƙo ya ce an ɗage. A yi wa alƙali canjin wuri, a koma farko. Fayil ya yi ɓatan dabo, sai an "ga" wani ya dawo. Ko kin yi nasara a kan gwamnati, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce sai Antoni Janar ya amince kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Ga misalin jan ƙafa: yaran Kano da aka yi wa gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996, sai 2009 aka yi sulhu, kuɗin farko ya isa hannun iyaye a 2011.

Maganar kuɗin da aka ce an ware, kar ki tsaya kan jita-jita. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wasiƙa: nawa aka fitar, su wa suka sa hannu. Idan an sa sunanki alhali ba ki karɓa ba, wannan laifi ne, hukumomin yaƙi da cin hanci, ICPC ko EFCC, za a kai. Wanda ya nemi na goro a kotu kuwa, a rubuta koke ga Babban Jojin jiha.

Ku haɗu da sauran iyalan ku shigar da ƙara ɗaya, mutum 30 sun fi wahalar sallama da buhu. Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam suna da ofis a Birnin Kebbi, ba sa karɓar kuɗi. Ki tura yayanki ko ƙanenki a makon nan. Kuma duk takardar da aka kawo aka ce ki dangwala, kar ki sa yatsa sai wanda kika yarda da shi ya karanta miki ita daga farko har ƙarshe.