Na gama masa labari, ya yi shiru da kuɗina

TAMBAYA: Salam Anti. Ni ɗaliba ce a Zariya, ina ɗan rubuta labarai ina sakawa a WhatsApp. Wani mai tashar YouTube ya ce in rubuta masa labari kashi 20 zai biya in na gama, sati shida ina taifin a waya har babban yatsana ya kumbura, na tura masa duka. Yau wata biyu ana ta karantawa a tashar shi, in na yi magana ya buɗe saƙon ya ƙi amsawa. Dan Allah ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wlh raina ya ɓaci, amma bari in faɗa miki gaskiya, kuskuren tun ranar farko aka yi shi da kika ɗau aiki ba kafin alƙalami. Kalmar ma ai daga wajen malaman zaure muka samo ta, su ba sa tsoma alƙalami a tawada sai an ajiye wani abu, toh ke da kike ƙona data da cajin waya ga NEPA ba tabbas me zai sa ki ji kunyar tambaya?

Yanzu ki tattara hujja, ki yi sikirinshot na hirarku tun daga inda ya yi alkawari, da ranar da kika tura kowane kashi. Ki rubuta masa saƙo ɗaya cikin ladabi, ga adadin kuɗina, ga ranar da nake jira. In ya wuce, YouTube na da wajen kai ƙarar haƙƙin mallaka kuma suna sauke bidiyo, masu tasha na tsoron wannan sosai don in ƙarar ta taru har tashar ake rufewa. Sau da yawa da ya ji kin san hanyar nan za ki ga alat.

Nan gaba rabi kafin ki fara, ki tura kashi biyar ki tsaya sai kin ga kuɗi. Ku kuma fayyace a rubuce, karantawa kawai ya saya ko labarin gaba ɗaya, don gobe kar ki ce za ki buga littafi ya ce nashi ne.

Kuma kar ki rataya abincinki a wuyan mutum ɗaya. Akwai fassara, akwai rubuta talla ta rediyo, ga Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa da aka fara yi wa mata a 2016, ki gwada. Ki rubuto min in ji yadda kuka ƙare da shi.