Babbar kyamara zan saya ko ƙarama? Amsa ga ɗan kasuwar Kwari mai ɗaukar bidiyon talla

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da teburin atamfa da leshi a Kantin Kwari. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar bidiyon kayana da waya ina sawa a WhatsApp da TikTok, har maƙwabta suka fara ba ni nasu ina yi musu suna biyana. Na tara naira miliyan uku, ina so in mai da abin sana'a. Wani Alhaji mai shaguna ya ce shi ba zai ba mutum dubu hamsin ba alhali waya kawai ya zo da ita. Sai na yi hayar babbar kyamara da ƙafarta da fitila wajen 'yan fim. Ko minti goma ban yi a layin ba aka tsayar da ni, wai wa ya ba ni izini. Yara da 'yan dako suka yanyame ni, matan da ke ciniki suka watse, mai shagon gefe ya saki labule. Da waya kuwa ba a taɓa ce min kanzil ba. Wacce zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a nema. Kafin ka fitar da ko sisi, ka lura mutum biyu ne suke kallon kyamarar nan, kuma kowa da abin da yake gani. Alhajin da zai biya yana kallonta ne yadda ake kallon motar ɗan kwangila: in ta cika ido, hankalinsa ya kwanta cewa kuɗinsa ba su faɗa hannun yaro ba. Mutanen layi tambayarsu daban ce. Wa ya aiko wannan, kuma ina hoton zai je?

An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Waya ke nan. Kowane yaron shago a Kwari yana ɗaga waya yana nuna wa kwastoma ta Yamai ko Maiduguri turmin atamfa, shi ya sa taka ta saje da sauran. Babbar kyamara kuwa a kasuwa tana da tarihi. Ita gidan talabijin ke zuwa da ita in an yi gobara ko ambaliya, ita ke bin jami'an gwamnati in za a yi rusau, kuma a kasuwar da ta sha ganin samamen kwastam ba wanda zai so a haska masa cikin sito. Maƙwabcinka da ya saki labule, kai ka fi ni sanin dalilinsa: sabon zanen da ya shigo da shi jiya, in hotonsa ya fita tar, cikin 'yan makonni wani ya aika Sin an bugo masa irinsa mai araha. Matan kuma ba su fito daga gida don mazajensu da surukansu su gan su a TikTok ba.

Sannan ina zargin ƙafar nan mai uku fiye da kyamarar kanta. Da ka girke ta ka cinye hanya, a layin da ɗan dako ke ratsawa da dila a ka yana ihun a ba shi wuri. Wanda ya tare hanya dole a tambaye shi wa ya ba shi. Ko a Landan da New York, abin da hukumomi suka fi dubawa wajen izinin ɗaukar fim a titi shi ne yawan ma'aikata, da kayan da aka girke a ƙasa, da ko za a hana mutane wucewa.

Amma kada ka ɗauka ƙaramar kyamara ta ɗauke maka neman izini. Tana dai rage maka taron 'yan kallo. Haƙƙin mai shago da na mutumin da fuskarsa ta fito yana nan, ko da allura ka ɗauka. Akwai ma haɗarin da ya fi na babbar: wanda aka kama yana ɗaukar hoto a ɓoye ba ya da ta cewa. In aiki ya kai ka kasuwar ƙauye a yankunan da ake fama da 'yan bindiga, kamar wasu sassan Zamfara da Katsina, baƙon da ke ɗaukar hoto a sace infoma za a kira shi, kuma ba lallai a tsaya sauraron bayani ba. A irin wurin nan ka fara da Sarkin Kasuwa, ka nemi ya haɗa ka da ɗan rakiya.

A Kwari ma hanyar ke nan. Ka je wajen shugabannin layi da ofishin ƙungiyar kasuwa kwana ɗaya kafin aikin, ka faɗi shagon da za ka ɗauka da lokacin, ka gaisa da masu gadi. Kai ɗan gida ne, wannan jari ne da ɗan fim na waje ba shi da shi. Kuskurenka na ranar shi ne ka shigo da kayan baƙi ba sallama. Duk wanda zai yi magana ko fuskarsa za ta fito sosai, ka ɗauki amincewarsa a bidiyo na daƙiƙa goma ka ajiye. Tun 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan mutane, kuma hoton da ake gane mutum da shi yana cikin irin bayanan da take karewa, balle a ce tallar kaya aka yi da shi.

Ta ɓangaren hukuma, da zarar ka fara karɓar kuɗi ka shiga wani sahun. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ke rajistar masu sana'ar fim a jihar. Ka je ofishinta da ƙafarka ka tambayi rukunin da aikinka ya faɗa, musamman ranar da za ka sa 'yan wasa ko mata su saka kayan su yi talla. Akwai kuma hukumar ARCON ta tarayya, wadda dokar 2022 ta ba ikon tantance tallace-tallace har da na intanet, don haka in kamfani ya ba ka aiki, ku rubuta a yarjejeniya wa zai ɗauki wannan nauyin. Jirgin nan maras matuƙi da matasa ke sha'awa, ka cire shi daga lissafi yanzu. Tun 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Barikin soja da shingen jami'an tsaro kuwa, ko da waya kada ka gwada.

Mu zo kan kuɗin. Ka ɗauki abin da ka biya na hayar yini ɗaya, ka raba farashin kyamarar da shi. A ce ita da gilashinta da batura da katin ajiya za su ci miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, haya kuma dubu talatin ce a yini. Yini 80 ke nan kafin saye ya kamo haya. In irin aikin Alhaji sau biyu yake zuwa a wata, sai ka yi wata 40, fiye da shekara uku, kuɗinka na kwance a jaka. Ka tambayi kanka sau nawa miliyan biyu da dubu ɗari huɗu za su juya a teburinka tsakanin azumi da babbar sallah kaɗai. Ga ƙurar hunturu da ke shiga cikin kyamara in ana sauya gilashi, ga ɓarawo, ga kayan gyara da farashinsu ke bin dala. Atamfar da ba ta shiga ba ana karyar da ita a fitar da uwar kuɗi ko kusa da haka, kyamara kuwa da an fito da sabon samfuri darajarta ta zube.

Kuma ina bidiyon yake ƙarewa? A fuskar waya, a tsaye, bayan WhatsApp ya matse shi. A nan kwastoma ba za ta bambance aikin babbar kyamara da na ƙarama mai kyau ba. Abin da za ta gane nan take biyu ne. Na farko murya: in ƙarar janareta da hayaniyar layi suka danne bayanin farashi, ta wuce. Na biyu launi, kuma a sana'arka wannan ya fi komai. In leshi ya fito ruwan goro a bidiyo ya isa hannunta ja, kayan za su dawo, kuɗin mota a kanka, suna kuma ya ɓaci. Maganin wannan fitila ce mai kyau da sanin daidaita farin kyamara, wato saita ta yadda fari zai fito fari sauran launuka su fito daidai, ba girmanta ba.

Da ni ne, ba zan taɓa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarin ba. Zan fara da ƙaramin makirufo maras waya da ake maƙalawa a wuyan riga, irin Rode Wireless GO ko DJI Mic, da fitilar LED mai batir guda biyu, da kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ta hannu ce don haɗa aiki. In da saura, sai kyamara. DJI Osmo Pocket 3, da ta fito a 2023, ba ta kai nauyin giram 200 ba, tana shiga aljihun kaftani, tana ɗaukar hoto tar mai ingancin 4K, kuma hoton ba ya rawa ko kana tafiya. Amma don Alhajinka na fi karkata ga irin Sony ZV-E10, saboda riga biyu gare ta. In za ka shiga ofishinsa, ka ɗora mata makirufo da fitila da marikin ƙarfe, ta cika ido. In za ka fita layi, ka tuɓe mata su ka riƙe ta a hannu.

Shi kuma Alhaji kada ka yi musu da shi, ba raini ba ne, yana so ne ya ga abin da kuɗinsa suka saya. Ka kai masa bidiyo uku mafi kyau da ka yi, tare da saƙonnin masu shagunan da suka ce kaya sun shiga bayan an saka. Sai ka ba shi farashi biyu: aikin yau da kullum da kayanka, da babban aiki wanda za a kawo kyamarar haya da mai riƙe fitila, kuɗin hayar a rubuce daban a kansa. Babban aikin ka yi shi cikin shago ko sito, da sassafe kafin layi ya cika. Ka kuma sa ranar zuwa neman izini cikin farashin, domin yini ne guda da ka bar teburinka a hannun yaro.