Cocin da leburori suka gina da duwatsun gidan waya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kullum kana wucewa ta gaban cocin St. Josaphat a can Milwaukee ta Amurka, kana tambaya wace irin al'ada ce ta sa talakawan Poland da suka yi ƙaura zuwa can gina abu kamar fadar sarki alhali suna kwana a ɗakin haya, kuma wai ba almubazzaranci ba ne? Na yi murmushi, amma kalmar almubazzarancin nan ta tsaya mini a rai.

Lokacin da nake ɗalibi a garin, a gidan wata tsohuwa 'yar Poland nake haya, can kudancin gari. Daren Kirsimeti ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai a ɗaki ba, in raka ta cocin. Dusar ƙanƙara har idon sawu, ina riƙe da hannunta kada ta zame. Da muka isa bakin ƙofa ba ta shiga ba. Ta tuɓe safar hannunta, ta kama hannuna ta ɗora a kan mariƙin ƙofar, na tagulla ne, sanyinsa kamar ya ciji fata. Ta ce in duba da kyau. Tambarin baitulmalin gwamnatin Amurka ne a jiki. Abin ya ɗaure mini kai, me ya kawo tambarin gwamnati ƙofar coci?

A tsaye a wurin ta ba ni labarin. Cocinsu na farko gobara ta cinye shi a 1889. Sai limaminsu, Fada Wilhelm Grutza, ya ji ana rushe babban gidan waya da kwastan na Shikago. Ya saye ɓaraguzan a kan dala 20,000, aka yi ta jigilarsu a taragon jirgin ƙasa kusan 500. Mai zanen ginin, Erhard Brielmaier, ya sake tsarinsa don ya dace da duwatsun da ke ƙasa. Ginshiƙai shidan da kake gani a gaba daga can suka zo. Kubbar kuwa kwaikwayon ta cocin Bitrus da ke Rum ce. Ta ce mahaifinta a masana'antar jima yake aiki, in ya tashi ya zarce wurin ginin ya yi dako kyauta, wasu kuma gidajensu suka jinginar. Aka gama a 1901, shekarar da Fada Grutza ya rasu, ya bar bashin da ya kusa durƙusar da su, har sai da 'yan ɗarikar Faransiskan suka karɓi ragama a 1910.

Ka tuna a lokacin babu ƙasa mai suna Poland a taswira. Tun 1795 Rasha da Jamusawa da Ostiriya suka rabe ta, sai 1918 ta dawo. A ƙarƙashin kubbar nan suna jin wa'azi da harshensu ba tsangwama.

Kakanka da ya yi fataucin goro a Kumasi yakan ce, baƙo raɓa ne, sai ranar da ya kafa wurin ibada a zango yake zama ɗan gari. In an yi masa maganar tsadar gini sai ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bashi kuma hanji ne, yana cikin kowa. Ko bashin nan ya yi wa mutanen yawa? Ya yi, har tsohuwar ba ta musa ba.

Abin da ke damuna shi ne ku na yanzu, kowa da wayarsa da ɗakinsa. Mahaifiyarka ta ce 'yan uwanmu na can suna karo-karon wurin salla, sau biyu suna aiko maka ba ka amsa ba. Ran Asabar ka shiga cocin, ka gaisa da masu gadi cikin ladabi, ka duba mini ko mariƙin ƙofar nan yana nan. Ka gaida matarka.